Gada Ta Cinye Mini Gado

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai fito ne a Loko, jihar Nasarawa, sana'ar da na gada wurin mahaifina. A da nakan tsallaka da mutane, babura da buhunan shinkafa zuwa Oweto, a ɗaya gaɓar kogin Binuwai, sau biyar ko shida a wuni. Tun da gada ta fara aiki sai in wuni a gaɓa ina kallon motoci suna wucewa ta sama. Wani ya taya injina. In sayar in sayi babur ne?

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya kawo mafita. Ba zan yaudare ka ba, fiton tsallake ya tafi ke nan. Gadar da Buhari ya ƙaddamar ranar 23 ga Mayun 2023 ta ɗan haura kilomita 2, ɗan acaɓa zai haye ta kafin ka gama tayar da inji. Kwana shida bayan haka kuma aka cire tallafin fetur, abin ya zame muku goma da ashirin.

Amma kada ka yi gaggawar rabuwa da injin. Gada ta haɗa gaɓa biyu ne kawai, ba ta bi Binuwai ƙauye-ƙauye ba. Manomin yankin Agatu na jihar Binuwai da ke can cikin fadama, wanda hanyarsa ke yankewa da zarar damina ta kankama, har gobe da kwale-kwale zai fito da doyarsa da kifinsa banda. Abin da ya sauya shi ne yanzu manyan motoci na iya zuwa har gindin gada su yi lodi. To ka zama mai kawo musu kayan. Ka shirya da dillali ɗaya ko biyu, a tsayar da kuɗin ɗauko kowane buhu kafin ka sayi mai, kuma kada ka tafi da jirgi fayau. Gishiri, sabulu da taki duk ana nemansu a can.

Babur kuwa, yaran da suka fi ka ƙarfi sun cika tasha, kuma ni dai ban ga kamar gwiwar dattijo za ta jure ba.

Roƙona ɗaya, kada ƙarancin fasinja ya sa ka yi lodin da ya wuce kima ko tafiyar dare. Ka gwada damina guda, kana rubuta kuɗin mai da abin da ya shigo, sannan ka sake rubuto mini.