Zomanyarmu Ta Fara Cizo, Ko Mu Rabu Da Ita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na samo wa 'yata zomanya tana da wata biyu a duniya, kuma lafiya lau muke zaune, har a cinyar yarinyar take kwanciya. Da ta shiga wata na biyar sai ta rikiɗe mana. Ana zura hannu cikin kejinta don a sa mata abinci sai ta yi gurnani ta kawo cizo. Jiya har ta fasa wa yarinyar yatsa. Maigidana ya ce a riƙa ɗan bugunta a hanci, in ba ta daina ba a rabu da ita, yarinyar kuwa tana ta kuka. Mene ne abin yi?
Daga wata uwa mai karanta wannan shafi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba yarinya lafiya. Da yatsan nan zan fara: a wanke shi sosai da sabulu da ruwa, a sa maganin ciwo. Bakin zomo kan ɗauki ƙwayar cutar da ake kira Pasteurella, don haka in wurin ya kumbura, ya yi ja ko ya fara ruwa, a kai ta asibiti, a kuma duba ko ta yi allurar tetanus.

Zomanyarku ba mugunta ta koya ba, balaga ta yi. Zomo kan balaga tsakanin wata 3 zuwa 6, ƙananan iri su riga manya. A wannan lokaci mace takan ɗauki kejinta a matsayin ramin da za ta haihu a ciki, ko da ba ta taɓa ganin namiji ba, sai ta shiga tsare shi. Ki lura da abin da kika faɗa da bakinki: sai an zura hannu cikin keji take cizo. Ina da yaƙinin in ta fito tsakar ɗaki da kanta, ba haka take ba.

Akwai kuma maganar ido. Idanun zomo a gefen kai suke, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, amma ba ya ganin abin da ke daidai gaban hancinsa. Hannun da ya zo mata ta nan, sai dai ta ji shi kwatsam. Wanda ya sauko ta sama kuwa, a wurinta shaho ne ya kawo sura. Dabbar da kullum ita ake farauta, aka kuma ritsa ta a lungun keji, me ya rage mata ban da haƙori?

Shi ya sa nake roƙon maigida, don Allah, a bar batun duka. Zomo ba ya haɗa dukan da laifin da ya yi. Abin da zai koya kawai shi ne hannu abin tsoro ne, sai cizon ya ƙaru. Ga shi ƙashin bayansa ba shi da ƙwari, in ya yi wutsil-wutsil da ƙarfi yana iya karyewa. Ɗaga shi ta kunne ma cutarwa ce, a daina.

Ki sauya yadda hannu ke zuwa mata. A buɗe kejin ta fito da ƙafarta, sannan a share a zuba abinci. A zauna a ƙasa a ƙyale ta ta zo ta shinshina, a miƙa hannu ta gefe inda take gani, a shafa goshinta. In ta kwantar da kunnuwa baya, ta ɗaga jela, ko ta buga ƙafar baya a ƙasa, gargaɗi ne, a janye. Ɗan mintsinin da takan yi da haƙori ba tare da fasa fata ba, yawanci cewa take a ba ta wuri ko a kula ta. In wanda ta mintsina ya yi 'yar ƙara kaɗan, ta isa ta gane ya ji zafi. A wadata ta da busasshiyar ciyawa dare da rana, domin haƙoran gabanta na tsiro kusan milimita 2 a mako, dole ta sami abin gurgura. A ba ta fili ta yi gudu safe da yamma.

Ki kai ta wurin likitan dabbobi. Ya duba haƙora da kunnuwa, don zomon da ke jin ciwo ma yana cizo. Ku kuma tattauna aikin cire mahaifa, wanda akan yi wa mace daga wata 4 zuwa 6. Yana rage wannan faɗa ƙwarai bayan 'yan makonni, yana kuma kare ta daga kansar mahaifa, wadda ke yawan kama zomayen da suka manyanta. In kuwa ta kai awa 12 ba ta ci ba, ba ta yi kashi ba, kada a jira gobe.

Ita yarinya, kafin abubuwa su daidaita, ke ki riƙa sa abincin. Ta yi wasa da ita a ƙasa, a gabanki, ba tare da ɗauka ba.