Lambun Bayan Gida: Taki Da Danga Kafin Irin Gwangwani

Wata uwar gida daga Gadarif ta ƙasar Sudan ta rubuto cewa tana da fili taku goma a bayan ɗaki. Bara ta shuka tumatir a watan Mayu, ya yi fure, furen ya kakkaɓe, ko ɗa ɗaya ba ta tsinka ba. Yanzu mai shago ya nuna mata gwangwanin iri na ƙasar waje da takin yuriya, ga shi ruwa ma saye suke a wurin masu amalanken jaki. Wanne za ta fara saye da ɗan abin da ke hannunta?

Hajiya, ki riƙe kuɗinki tukuna. Ba iri ne ya ci amanarki ba, lokaci ne. Idan zafi ya haura digiri 35, dare kuma bai huce ba, furen tumatir ba ya ɗaurewa, zubewa yake. Watan Mayu kuwa a Gadarif kin san yadda rana take. Tumatir ɗan sanyi ne a ƙasar nan: ki yi renonsa a Oktoba, ki dasa bayan mako huɗu ko biyar, ki ci daga Janairu. Albasa da karas da jarjir, wani ganyen salak, duk abokan tafiyarsa ne.

Abin da nake so ki fara kashe wa kuɗi shi ne ƙasar kanta. Baƙar lakar nan tamu, wadda ke tsagewa da rani har hannu ya shige, da damina kuma ta kama takalmi, tana da ƙarfi amma ba ta barin saiwa ta yi numfashi. Ki nemi kashin awaki ko na shanu wanda ya daɗe, ya yi baƙi, ya daina wari, kina murza shi yana wargajewa a tafin hannu. Ɗanye ƙona shuka yake, ya kuma kawo ciyawa. In ɗanyen kika samu, ki tara shi a inuwa, ki riƙa yayyafa ruwa kina juyawa wata biyu zuwa uku. Ki cuɗa shi da ƙasa tare da ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi, ki ta da kunya mai tudu don kada ruwan sama ya kwanta. Toka kuwa ki yi hankali da ita. Na san iyayenmu sun saba zuba ta a gindin shuka, amma lakar nan dama tana da ɗabi'ar kanwa, toka ƙara mata take.

Na biyu danga. Akuyar maƙwabta guda ɗaya ta isa ta share aikin wata biyu kafin ki idar da sallar La'asar. Ku da kuke garin dawa, kara ba zai gagare ku ba bayan girbi.

Yuriya kashi 46 cikin ɗari nata sinadarin da ke sa ganye ne. Ba laifi ki sayi ɗan awo, ba buhu ba, ki riƙa barbaɗa kaɗan nesa da gindi sannan ki ba da ruwa. In ya yi wa tumatir yawa, ganye za ki samu jingim, 'ya'ya kaɗan.

Batun ruwa, ki sayi ƙananan tuluna na yumɓu waɗanda ba a shafe su ba. Ki binne kowanne har wuya a tsakiyar kunya, ki cika, ki rufe bakin, ki shuka kewaye da shi. Ruwan zai riƙa tsatsafowa a hankali daidai inda saiwa take. Ki lulluɓe ƙasa da busasshiyar ciyawa. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk kada ki zubar, amma ban da ruwan wanki mai sabulu.

Kafin sanyin ya zo ma ba sai kin zauna ba. Kuɓewa da lalo, wato bamiya da mulukiya, suna son zafi. Ki jiƙa irin kuɓewa ya kwana, cikin wata biyu kin fara tsinka, rarar ki yanka ki shanya ki samu wekarki, wato busasshiyar kuɓewa. Lalo kwana arba'in ya isa yanka, ya kuma sake tofowa. Irinsu na hannun manoman kasuwa ya wadatar.

Wani magidanci daga Maiwurno ya ce ganyen tumatirinsa ya nannaɗe, ya yi rawaya, shukar ta tsugune. An ce ya sayi maganin feshi da ake aunawa a kwalba.

Malam, don Allah kada ka saya. Kwalbar da ba rubutu ba ka san abin da ke ciki ba, wataƙila na gonar auduga ne, kuma yaranka ne za su ci abin da ka fesa. Ka ɗaga ganye da safe ka duba bayansa. In ka ga wasu ƙananan fararen ƙwari sun tashi kamar gari, su ne ke ɗauko cutar, kuma shukar da ta kamu ba ta warkewa. Ka tuge ta ka fitar da ita daga gidan. Sauran ka daka 'ya'yan darbejiya, ka jiƙa su kwana, ka tace, ka sa ɗan sabulu kaɗan, ka fesa bayan ganyen da yamma duk mako. Reno na gaba ka rufe shi da tsohon gidan sauro tun ranar da ka zuba iri, domin tun yana ƙarami suke kama shi.

Wata 'yar'uwa daga Kasala ta tambaya ko za ta iya ajiye iri daga tumatir ɗin da ta shuka na gwangwani. Ki duba jikin gwangwanin. In an rubuta F1, haɗaɗɗen iri ne, 'ya'yansa ba sa gadon iyayensu, sai kin sake saye. In babu, ki zaɓi nunannen tumatir daga shuka mafi lafiya, ki matse irin a kofi ya kwana biyu, ki wanke, ki shanya a inuwa, ki ƙulle a takarda.