Saƙonnin lafiya na waya: wanne za a bi, wanne za a watsar?

Tambaya: Likita, a zauren WhatsApp na danginmu kusan kullum sai an turo saƙon murya kan wata cuta ko magani, hukumomi ma suna turo nasu. Wayar nan tana taimakon lafiyar jama'a kuwa, ko ruɗa mu kawai take yi? Daga wata uwa a Funtuwa.

Amsa: Hajiya, duka biyun take yi, kuma an ga haka ƙarara a 2014. Bayan Ebola ta shigo Legas a watan Yuli, sai a watan Agusta wani saƙo ya bazu cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, wai don kariya daga cutar. Kafin gari ya waye ya karaɗe ƙasa, 'yan'uwa na tashin juna da tsakar dare. Rahotanni sun ce aƙalla mutum biyu sun rasu, an kwantar da wasu a asibiti, don gishiri mai yawa haɗari ne, musamman ga mai hawan jini. Amma da wayar dai jami'an lafiya suka riƙa bibiyar waɗanda suka yi mu'amala da masu cutar, suna aika bayanin zafin jikinsu kullum. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da cutar.

A ganina, babban aikin wayar ba shi ne saƙon da gwamnati ke turo muku ba. Yawancinsa da Turanci yake zuwa, a rubuce, alhali kakar da ke yanke hukunci kan jinyar jikoki rediyo take saurare. Mai jita-jita kuwa ya san mu: da Hausa yake magana, da murya, ya fara da sallama da salati, ya rufe da "don Allah a tura wa 'yan'uwa". Nan ne ya sha gaban hukuma.

Inda wayar ta fi amfani shi ne kai labari daga ƙauye zuwa sama. A yaƙi da shan inna an yi amfani da manhajar AVADAR: ana ba ungozoma, masu maganin gargajiya da sauran waɗanda jama'a ke fara zuwa wurinsu waya, duk mako a turo musu ɗan bidiyo, a tambaye su ko sun ga yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya. Suna amsa "eh", jami'in sa ido ya samu labari ya zo. Hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, wato NCDC, ma tana da tsarin SORMAS, inda ake shigar da rahoton kwalara, sanƙarau ko mashaƙo, a gan shi a Abuja ba sai an jira takarda ta bi mota ba. Sai dai inda babu sabis ko wutar caji, har yanzu mai unguwa da liman ne madogara.

To, ya za ki yi da zauren danginku? Saƙon da bai faɗi sunan mai magana da inda yake aiki ba, ko ya ce magani ɗaya na warkar da cututtuka barkatai, ko ya ce "likitoci na ɓoye muku", kada ki tura shi gaba. Duba ko tsohon saƙo ne aka sake yaɗawa. Idan kina kokwanto, kira layin NCDC na kyauta, 6232, ko ki kunna wa ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi na unguwarku ta saurara. In ta ce ƙarya ne, ki naɗi gyaran da muryarki ki tura zauren, don sun fi yarda da ke fiye da hoton sanarwa.

Yaron da ke amai da gudawa kuwa, a fara ba shi ruwan ORS a tafi asibiti, kada a tsaya jiran amsar zaure.