Muryar Anti Nas ga amarya kan aikin dimful

[Ga muryar da Anti ta aje jiya da dare, na rubuto ta saboda waɗanda datarsu ba ta buɗewa]

Assalamu alaikum mutanen gidan ga, ina wuninku, ya sanyi. Ku yi haƙuri yanzu na taso daga aiki ko abinci ban ci ba. Amarya na ga saƙonki tun azahar, kin ce saura sati 5 biki kuma kina son a yi miki aikin dimful, lotsawar kumatun nan da 'yan mata ka ce ma biyuti foyin, wai kin ga wata a TikTok an yi mata ta fito tana ta murmushi. To ƙanwata zauna ki ji.

Ita dimful ta haihuwa ba wani abu ba ce illa naman kumatu mai ja in za a yi murmushi, ga wasu mutane yakan rabu biyu kuma ya manne da fata, in sunka yi dariya sai ya janyo fatar ciki wurin ya lotsa. Shi kenan hikimar. Likita ba ya iya raba miki wanga nama, abin da za shi yi, allurar kashe zafi zai miki a wurin, idonki biyu, ya buɗe bakinki ya yanka ta ciki, ya cire ɗan nama kaɗan, sa'annan ya sa zare ya ɗaure bayan fatar kuncinki da naman ciki. Zaren shina narkewa da kanshi, abin da zai riƙe ramin daga baya tabo ne. Kin ji ko? Tabo ne za ki saya da kuɗinki, sai dai shi ta ciki yake. Gaskiya ne aikin bai cika wuce minti 30 ba kuma ranar za ki koma gida, nan kam ba su yi ƙarya ba.

Abin da ba su nuna muku a bidiyo shi ne bayan aikin. Kunci zai kumbura, kwanaki kina kan kunu da koko da abu mai laushi, ba kilishi ba yaji, kullum kurkurar baki da magani don baki gidan ƙwayoyin cuta ne. Sannan babbar magana, ramin a farko ba ya tashi, ko kina murmushi ko kina kuka ko kina barci yana nan daram kamar an dangwala yatsa cikin tuwo, sai bayan makonni, wasu ma sai wata 2 ko 3, kafin ya saki ya riƙa fitowa sai an yi dariya. To ke lissafa mani, sati 5. Ranar kamu an lulluɓe ki ana so ki sunkuyar da kai ki yi kunya, ga ramu biyu a fuska sun ƙi kwanciya, ga dangin miji sun taso tun daga Talata Mafara da Ƙauran Namoda, kin san gwaggonni ba abin da ka wuce masu, wallahi kafin a kai ki ɗaki labari ya kai Gummi.

Kuma wurin da aka yanka ɗin ba fili ba ne. Akwai bututun yawu da ka buɗewa cikin kunci daidai turamen haƙori na sama, akwai jijiyoyin da ka motsa fuska, wanda bai san hanya ba in ya taɓa su sai kunci ya riƙa tara yawu yana kumbura, ko murmushi ya karkace. Ana samun ɗaya ya fi ɗaya zurfi, ana samun zare ya saki ramin ya ɓace kuɗi sun tafi, kuma in kinka ce ba ki so a mayar miki yadda kike, ba ƙaramin aiki ba ne kuma ba a yi miki alkawari. Don haka ban yarda da mai shagon kwalliya ko mai kemis ba, ko da ta sa farar riga. Duk wadda ta nace sai ta yi, ta nemi likitan tiyatar gyaran fuska mai rijista da MDCN, hukumar da ka ba likitoci lasisi a Najeriya, ta tambaye shi lasisinshi ba kunya. Ku je Sakkwato ku ga asibitin yara masu cutar noma, yaran da ciwo ya cinye ma kunci ake sake gina masu fuska, can za ku san kunci ba abin wasa ba ne.

Wancan ɗan ƙarfen da Maman Ilham ta turo hotonshi, mai matse kumatu wai don ya fidda dimful, ba sabon abu ba ne, tun 1936 wata mata a Amurka ta ƙera irinshi. Shatin matsa ne kawai, kamar kin kwana bisa tabarma, an jima ya baje.

Ɓangaren addini ni ba malama ba ce, amma mun ji a islamiyya hadisin da ya yi magana kan masu goge haƙori su fidda wushirya don ado, kuma malamai sun raba gyaran lalura da canza halitta don kwalliya. Ga Malama a gidan ga, don Allah ki ɗora mana.

Ni dai amarya, kuɗin ga ki ƙara ma mai gyaran jiki da lalle, ki je a wanke miki haƙori asibiti. Kuma in shi angon ne yac ce yana son dimful, ki ba ni lambarshi gobe in na fito aiki, ai da ya gan ki ya ce yana so ba ki da ita. Bari in ci abinci, anko kuma har yanzu ba a kawo man nawa ba.