Tambaya da Amsa: Tafireta ma tana da zanen yatsa

Tambaya: Malam, a zamanin Tarayyar Sobiyet babu intanet, babu wayar hannu. To ta yaya masu adawa da gwamnati a ɓoye suka riƙa yaɗa rubutunsu?

Amsa: Da tafireta da takardar kabon. Injin fotokwafi a ofisoshin gwamnati yake, a kulle, ana kuma sa ido kan mai taɓa shi. Sai mutum ya samo takarda shara-shara, ya jera falle biyar ko shida da kabon a tsakani, ya cusa a tafireta, ya riƙa dukan haruffa da ƙarfi. Ana matse layuka, ba a barin gefe, don ƙunshin ya shiga aljihu. Fallen sama ya fito raɗau, na ƙasa kuwa sai an ƙura ido. Wanda kwafi ya isa hannunsa shi ma ya buga wasu. Rashawa na kiran wannan samizdat, wato buga wa kai.

Da haka aka riƙa fitar da mujallar labaran kame da shari'o'i da marubuciya 'yar adawa Natalya Gorbanevskaya ta fara haɗawa a Mosko a 1968. Ƙa'idar mujallar: in kana da labari, ba wanda ya miƙo maka mujallar, kada ka nemi sanin na gaba da shi.

Tambaya: To ta ina ake kama su?

Amsa: Sau da yawa injin ne ke tona asiri. Kowace tafireta da irin lahaninta: wani harafin ya ɓantare, wani ya karkace, wani ya ɗan haura layi. Mai bincike zai gwada takardar da aka kama da samfurin injin da ake zargi. Shi ya sa a 1983 gwamnatin Ceaușescu ta Romaniya ta wajabta rajistar kowace tafireta wurin 'yan sanda, da kai samfurin haruffanta duk shekara. Kabon kansa ɗan tsegumi ne, domin sabon falle yana riƙe duk abin da aka buga, sai a ɗaga shi ga haske a karanta. Dole a ƙone shi.

Tambaya: Firinta ta yau fa, tana barin irin wannan sawu?

Amsa: Yawancin firintocin lesa masu launi na bari, kuma da gangan. Suna yayyafa ɗige-ɗige rawaya a kowane shafi, ƙanana da ido ba ya gani. A 2005 ƙungiyar EFF ta Amurka, mai kare haƙƙin masu amfani da kwamfuta da intanet, ta warware sirrin ɗige-ɗigen firintar Xerox DocuColor, ta samu suna ɗauke da lambar injin da ranar bugu da lokacinsa. In kana son gani, shiga ɗaki mai duhu, haska shafin da fitila shuɗiya, ka duba farin wurin da gilashin ƙara girma. Rawayan zai koma baƙi-baƙi, a jere, yana maimaita kansa daga sama har ƙasa.