Kakin Zuma Daban, Kyandir Daban

Jiya da la'asar muna kan ɗinkin linzamin nan na mutumin Argungu ka ce mini, "Baba, me ya sa muke wahalar neman kakin zuma da tsadarsa, alhali ga kyandir a kowane shago? Ai santsi kawai muke so zare ya yi." Lokacin hannuna na cikin aiki, ban ba ka amsa yadda ya kamata ba. To, zauna ka ji, ɗana, don ni ma na taɓa yi wa mahaifina irin wannan tambaya a rumfar nan tamu ta Jega.

Ba santsi muke nema ba. Abin da baduku yake so shi ne kaki ya ratsa cikin zare, ya haɗe 'yan silillan da aka murɗa su zama abu guda. In ka ja ɗinki, zaren ya kama cikin hudar da basilla ta yi, ya zauna daram, ya kuma toshe ta yadda ruwa ko gumin doki ba zai samu hanya ba. Kakin zuma yana da danƙo, duk inda zare ya lanƙwasa yana binsa. Kyandir kuwa daga ɗanyen man fetur ake fitar da shi, ƙeƙasasshe ne, ba ya riƙo. Ɗauki zare biyu ka goga wa kowanne ɗaya, ka naɗe su a yatsa ka warware. Na kyandir za ka ga yana zubar da farin gari a kan cinyarka, ɗayan ko ƙura ba zai yi ba.

Ni da kuɗina na koyi wannan. Wata shekara na sayi ƙaton curi a hannun wani baƙo, launinsa rawaya mai kyau, kuɗinsa da sauƙi. Ashe kyandir aka narka aka haɗa da ɗan kaki aka zuba launi. Na ɗinka takalma da majayin sirdi da shi. Damina ba ta fita ba aka fara dawo mini da kaya, ɗinki ya saki, zare ya jiƙa ya ruɓe a cikin fata. Duka na sake su ban karɓi ko kwabo ba, amma abin da ya fi yi mini ciwo shi ne kallon da dattijon da ya kawo majayin ya yi mini, mutumin da tun zamanin mahaifina yake kawo mana aiki. Araha ba ta ado, ɗana.

Tsadar kuma tana da dalili. Ba a fure ƙudan zuma suke samo kaki ba, daga jikinsu yake fita. Matasan ƙuda, masu kamar mako 2 zuwa 3 da ƙyanƙyasa, su ne ke fitar da shi ta ƙarƙashin cikinsu, ɗan ɓawo fari da bai kai kan ashana ba, su tauna shi su gina saƙa. Masana kiwon zuma sun ce sai ƙuda sun sha zuma kamar kilo 6 zuwa 8 kafin su yi kilo 1 na kaki. Shi ya sa raina yake ɓaci in na ga masu amya sun matse zuma sun watsar da tukar a gindin itace. Rabin wahalar ƙudan ke nan suka zubar wa tururuwa.

Ga yadda za ka gane na gaskiya. Fara da hanci: yana ƙanshin zuma da ɗan hayaƙi, don da wuta ake ɗibar zuma a amya da dare. Ɓalli kaɗan ka duba bakin karayar, za ka gan shi da ɓarzo-ɓarzo, ba ya sheƙi. Murza shi tsakanin yatsu, in ya ji ɗumin hannunka zai yi laushi ya miƙe kamar ƙullin fura, ba zai dagargaje ba, ba kuma zai bar maka maiƙo ba. In ya bar maiƙo ko ka ji ƙarni, an sa kitse. Kada launi ya ruɗe ka. Na sabuwar saƙa yakan yi haske, na tsohuwa wadda aka yi 'ya'ya a ciki yakan yi duhu, dukansu kuwa sun isa goga wa zare.

Amma hanyar da ta fi kwanciyar hankali ita ce ka tace da kanka, kuma wannan nake so ka iya kafin bazara ta wuce. In masu zuma na wajen Zuru sun shigo kasuwa, ka nemi tukar a hannunsu. Ware mai haske daban, mai duhu daban. Wanke ta da ruwa har zaƙin ya fita. Sai ka zuba a tukunyar dalma ko kwanon silba da ruwa ya sha kanta. Kada ka kuskura ka sa a baƙin ƙarfe ko tagulla ko bokitin kwano, suna ɓata launin kaki. Wuta kaɗan ta isa, don a digiri 62 zuwa 64 yake narkewa, tun ruwa bai yi kusa da tafasa ba, in kuwa zafi ya haura 85 launinsa ya fara lalacewa. Da ya narke ka juye ta cikin tsumma mai tsabta, ka murɗe da sanduna biyu, ka rufe mazubin ka bar shi ya kwana ba tare da an motsa shi ba. Da safe za ka tarar da faifan kaki yana yawo a kan ruwa, dattin ya taru a ƙarƙashinsa, sai ka kankare da wuƙa. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka bar tukunya a wuta ka tafi wani wuri. Kaki yana kamawa kamar mai, in kuma ya kama, ruwa ƙara masa ƙarfi yake yi. Rufe shi da murfi, ko ka zuba yashi.

Ba mu kaɗai ke nemansa ba, shi ma yana cikin abin da ya sa yake wuya. Maƙeran fari da shi suke sassaƙa siffar abin da za su zuba, su lulluɓe da yumɓu, su gasa har kakin ya tsiyaye, sannan su cika gurbin da narkakkiyar tagulla. Da wannan dabara aka yi kawunan tagullan nan na Ife da Benin. Kafintoci suna goga wa zarto da bakin durowa. Mata suna haɗa shi da man kaɗanya don kaushi da tsagewar leɓe a hunturu. Masu rinin zane da kaki kuwa da gangan suke ƙara kyandir, don suna son ya tsattsage rini ya bi ta cikin tsagar ya yi ado. Ka ga tsagewar da suke biya kuɗi su samu, ita ce take kashe mana ɗinki.

Wancan mai laushi da ke cikin gwangwani, wanda muke shafa wa gafaka da kube in an gama, kashi 1 ne na kaki da kashi 3 na man kaɗanya. Kaɗan ake lakata, a bar fata ta sha, a goge da tsumma. Bakin fata kuwa, inda aka yanka, zallan kakin za ka goga, ka bi shi da ƙashi ko santsin itace har ya yi ɗumi ya kwanta.

Gobe ka zo da wuri. Akwai sauran tuka a buhun da ke bayan ƙofa, kai za ka hura wutar, kai za ka tace, ni ina gefe ina kallon hannunka.