Amsa kan yawon yamma a Kobe

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce aiki zai kai ka Osaka a ƙasar Japan, kana da yammaci ɗaya a Kobe, kana son sanin ko Musulmi zai iya zaga garin da ƙafa ya kuma ci abin da hankalinsa zai kwanta da shi. Zai iya sarai, amma ka fara daga tudu ka gangaro bakin teku, domin masallaci da abincin halal duk a sama suke, wajen unguwar Kitano.

Jirgin ƙasa na kamfanin JR daga Osaka zai sauke ka a tashar Sannomiya da ke tsakiyar Kobe cikin kusan rabin awa. Ka isa Kitano da la'asar, tun ba a rufe tsofaffin gidajen Turawan da suka zo kasuwanci bayan buɗe tashar jiragen ruwa a 1868 ba. A unguwar akwai wurin ibadar Yahudawa, akwai na Indiyawa mabiya addinin Jain, duk kusa da juna.

Magariba kuwa ka yi ta a masallacin Kobe. 'Yan kasuwar Indiya da Tatarawa, Musulmin da suka zo daga Rasha, su ne suka haɗa kuɗi aka gina shi a 1935, shi ne mafi tsufa a Japan. Bama-baman 1945 sun ƙone unguwar ya tsira, girgizar ƙasar 1995 ma ba ta kayar da shi ba. Kana fitowa za ka ga shagunan kayan halal da gidajen abincin Indiya da Pakistan. Ka cika cikinka nan! In naman shanun Kobe kake so, akwai masu sayar da na halal, sai dai ka yi musu magana tun da wuri, kuma aljihu zai ji jiki.

Daga nan ka bi Tor Road zuwa Nankinmachi, unguwar 'yan Sin. Jajayen fitilu, tururi na tashi, mutane sun yi layi. Kallo kawai za ka yi, wancan farin dunƙulen da ake rububi, butaman, naman alade ne a ciki. Ni ko abin da ba nama ba sai na tambaya, saboda sukan zuba abin da ake kira "mirin" ko "sake" a girki, kuma duk giya ce. Ka haddace wannan: "Butaniku haitte imasu ka?", wato akwai alade a ciki?

A Meriken Park da ke bakin teku an bar wani ɓangaren gaɓar yadda girgizar ta farfasa shi, turakun fitilu a karkace. Gefe ga jar hasumiyar Port Tower. Ka riƙe riga mai kauri, iskar teku ba ta wasa.

In ka ƙarasa Harborland, ba sai ka koma Sannomiya ba. Tashar JR Kobe na nan kusa, jirgin Osaka yana tsayawa a can. Allah ya kai ka lafiya.